Ilimi da Zamani: Alkawari kafin jin farashi

A ƙasar Amurka, watan Nuwamba wata ne na fargaba a gidajen da ke da ɗa ko ɗiya a ajin ƙarshe na lise. Dalili kuwa shi ne wani tsarin neman gurbin karatu da jami'o'i da dama suke kira Early Decision, wato yanke shawara tun da wuri. Ɗalibi yakan aika takardunsa zuwa ranar 1 ga Nuwamba, a wasu wuraren 15 ga wata, ya samu amsa a tsakiyar Disamba, alhali sauran abokan karatunsa sai sun jira ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Amma wannan saurin da sharaɗinsa. Jami'a ɗaya tak ake nema ta wannan hanya. Ɗalibin da mahaifinsa da malamin da ke ba da shawara a lakwal duk sai sun sa hannu a takarda cewa idan aka karɓe shi, to can zai tafi, kuma zai janye duk takardun da ya aika wasu wurare.

Masu sha'awar karatun kasuwanci suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, saboda makarantun da suka yi suna a wannan fanni kaɗan ne, masu nema kuwa ba adadi. Wharton, ta jami'ar Pensilbaniya a birnin Filadelfiya, wadda attajiri Joseph Wharton ya kafa a 1881, ita ce makarantar kasuwanci ta farko da aka buɗe cikin wata jami'a a ƙasar. Akwai Stern a birnin Niyok, kusa da manyan bankuna da kasuwar hannun jari. Akwai Dyson ta jami'ar Cornell, wadda tushenta tattalin arzikin noma ne. Akwai kuma Babson a jihar Masacusets, wadda ta shahara wajen koyar da yadda mutum zai kafa sana'ar kansa. Kowace da inda ta fi ƙarfi, kuma suna kaɗai bai isa ya nuna wa yaro wadda ta dace da shi ba.

Abu na farko da ya kamata a bincika shi ne ƙofar shiga. A Wharton da Stern, wanda aka karɓa ya shiga makarantar kasuwanci ke nan tun shekarar farko. A jami'ar Birjiniya kuwa, ɗalibi yakan shiga jami'a tukuna, daga baya ya sake neman gurbi a makarantar kasuwanci ta McIntire, kuma ana iya ƙin karɓarsa. Wanda bai san wannan ba zai iya ɗaure kansa da jami'a, sannan ya tarar karatun da ya je nema bai samu ba. Harvard da Princeton ma, duk da sunansu, ba su ba da digirin farko na kasuwanci. Tattalin arziki ake karantawa a can.

Abu na biyu, kuma mafi nauyi, shi ne kuɗi. A irin waɗannan jami'o'i masu zaman kansu, kuɗin karatu da ɗaki da abinci na shekara guda ya haura dalar Amurka 80,000, wato sama da miliyan 40 na sefa, kuma karatun shekara 4 ne. Wanda ya bi hanyar da aka saba yakan karɓi amsoshi daga wurare da yawa, ya jera tallafin da kowace jami'a ta yi masa tayi, ya auna, yana da lokaci har 1 ga Mayu. Wanda ya yi alkawarin wuri ya rasa wannan dama. Tamkar mai saye ne da ya ce « na saya » tun dillali bai faɗi farashi ba. Gaskiya ne ana sakin ɗalibi daga alkawarin idan tallafin bai ishe shi ba, amma a lokacin ya bar gurbin da ya samu, ya koma layi tare da kowa.

Me ya sa to ake rububin wannan hanya? Saboda jami'o'i da yawa sun fi karɓar kaso mai yawa daga masu neman wuri, tun da sun tabbata waɗannan za su zo. Riba ce ga jami'a, riba ce kuma ga ɗan mai hali da bai damu da farashi ba. Wannan ne ya sa a 2006 Harvard da Princeton suka sanar da soke karɓar wuri, suna cewa tana cutar da ƴaƴan talakawa, kafin su dawo a 2011 da wani tsari wanda ba ya ɗaure ɗalibi.

Ga baƙo, lissafin ya fi tsauri. Jami'ar Pensilbaniya, alal misali, tana duba buƙatar kuɗin ɗaliban yawancin ƙasashen waje kafin ta karɓe su. Bayan haka akwai biza: a watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta saka Nijar cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƴan ƙasarsu ƙofar shiga. Saboda haka iyalin da ke Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, kafin maganar zaɓen makaranta, sai su fara tabbatar da halin da hanyar take ciki.

Alkawarin wuri ya dace da ɗalibin da ya san makarantar da yake so fiye da kowace, ya san karatun da ake yi cikinta, iyayensa kuma sun zauna sun yi lissafin shekara huɗu cif. Wanda ɗaya cikin ukun nan ya kuɓuce masa, gara ya jira watan Janairu ya nema tare da jama'a. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma wanda ke shirin zama ɗan kasuwa ya kamata ya auna nauyin kaya kafin ya ɗora su a kai.