Bututun AKK: Zafi da ƙurar da ke jiran injinan wutar Arewa

Tun da aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a watan Yunin 2020, mutanen Arewa ke zuba ido. Bututun mai tsawon kilomita 614 ya tsallake kogin Neja a 2025, kuma cikin alƙawuran da suka biyo shi har da gina tashoshin wuta a Abuja da Kaduna da Kano.

Ga mai walda a Kazaure ko mai sayar da ƙanƙara a Babura, wannan ba ƙaramin labari ba ne. KEDCO, mai raba wuta a Kano da Katsina, shi ne ke raba ta a Jigawa. Ba a manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta suka lalace, yawancin Arewa ta kwana a duhu fiye da mako guda. Tashar da ke kusa da gida za ta rage irin wannan dogaro.

Sai dai isowar gas ba ita ce isowar wuta ba. Akwai wata matsala da ba a cika jin ta a bakin 'yan siyasa ba, wato yadda injin zai yi numfashi a ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu.

Injin da ke ƙona gas ya juya janareta, wanda injiniyoyi ke kira turbin, ɗan'uwan injin jirgin sama ne. Yana zuƙar iska mai yawan gaske, ya matse ta, ya haɗa da gas ya ƙona. Ƙarfin da ake rubutawa a jikinsa an auna shi ne a yanayin digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, a daidai tsayin teku. A Roni ko Gwiwa kuwa, zafin watan Afrilu na haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka abin da injin ke zuƙa yana raguwa. Injin da aka ce megawat 100 ne, da tsakar ranar bazara yana iya tsayawa a wajen 80 zuwa 85. Kuma a daidai wannan lokacin ne kowa ke neman kunna fanka da firji.

Wannan ke nan game da iskar da injin ke ƙonawa. Akwai kuma wata iskar ta biyu, wadda ita ma kan iya tsayar da aiki ba zato ba tsammani.

Ana rufe turbin ne cikin wani ɗakin ƙarfe, don rage ƙara da kuma tsare gobara. Hayaƙin da injin ke fitarwa na kaiwa wajen digiri 500, jikinsa kuma kamar tanderu yake. Saboda haka ake sa manyan fankoki su riƙa ratsa ɗakin da iska, yawanci ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Aikinsu biyu ne: su kwashe zafi, su kuma watsa duk gas ɗin da ya yi yoyo kafin ya taru ya zama bam. Shi ya sa idan iskar nan ta yanke, na'urar tsaro kan kashe injin da kanta, ko da lafiyarsa ƙalau.

Idan ɗakin ya fara ɗaukar zafi, ƙwararren ma'aikaci ba ya fara da kwance inji. Yakan fara tabbatar da cewa na'urar auna zafin ba ƙarya take yi ba, domin ita ma zafi da ƙura na ɓata ta. Daga nan sai ya duba matatar iska. A nan ne hunturu ke shigowa. Ƙurar da ke tasowa daga yankin Bodele na ƙasar Chadi laushi gare ta kamar garin fulawa, kuma tana toshe matata da wuri fiye da yadda littafin kamfani ya yi hasashe, idan an rubuta littafin ne da wata ƙasar a zuciya.

Sauran dalilan ƙanana ne har su ba mutum haushi. Bel ɗin fanka ya saki. An gyara mota an juya wayoyi, fanka na juyawa da baya, ana jin ƙararta amma iskar ba ta kai ba. Murafun da ke rufe hanyoyin iska idan gobara ta tashi sun maƙale a rufe bayan gwaji. Rufin da ke tsare zafi a jikin bututun hayaƙi ya yage, ko wata mahaɗa na fesa iska mai ƙuna cikin ɗakin. Wani lokacin ma laifin tun daga gini ne: an sa bakin shigar iska kusa da inda mai zafin ke fita, injin na shaƙar numfashinsa.

Mafi haɗari shi ne dabarar da muka saba yi wa janaretan gida, wato a buɗe ƙofa ya sha iska. A ɗakin turbin, buɗe ƙofa na karkatar da iskar daga inda aka tsara ta bi, wasu kusurwoyin su ƙara zafi. Sannan idan wuta ta tashi, iskar kashe gobara da ake fesawa za ta tsere ta ƙofar.

Arewa ba baƙuwar irin waɗannan injina ba ce. An bayar da kwangilar tashar Kudenda a Kaduna, mai megawat 215, tun 2009, aka shafe fiye da shekara goma ba a ga wutarta ba. Maiduguri ta samu tashar gaggawa mai megawat 50 a Maris 2023. Abin da masu aiki a can suka gani game da ƙura da zafi ya kamata ya shiga takardun kwangilar Kano kafin a sa hannu.

A ganina, tambayoyin da ya dace 'yan majalisar Jigawa da Kano su yi wa NNPC ba na ranar yanke kyalle ba ne. Megawat nawa injin zai bayar a digiri 42, ba a 15 ba? Wace irin matata aka zaɓa, mai kakkaɓe kanta ce ko wadda sai an kashe inji an canza? Kayan gyara na shekara nawa ke cikin kuɗin, ko sai an jira dala da jirgin ruwa daga Legas?

Sai batun masu gyaran. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana nan a Kazaure, tana yaye ɗalibai a fannin injiniya. Yarjejeniyar horar da su kan fankoki da matatu da na'urorin gano yoyon gas ba za ta ci ko kusa da kuɗin turbin ɗaya ba. Ko babbar tashar hasken rana mai megawat 1,000 da aka daɗe ana maganar kafawa a Gwiwa, idan ta tabbata, irin waɗannan hannayen za ta nema, domin ƙurar da ke toshe matata ita ce ke rufe fuskar farantan sola.