Makaɗi Ba Ya Huɗa, Sai Mai Garma

Duk wanda ya zaga Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun da maraice, zai tarar da samarin Arewa sun yi da'ira, ana tura wa juna waƙoƙin da gidajen rediyo ba sa sakawa. Yaro zai rera a ɗan ɗakinsa, yana kukan tsadar abinci da satar mutane a ƙauyuka, kafin gari ya waye ta kai Fatakwal. Ganin haka ya sa wasu ke cewa waƙa da wayar hannu sun isa su gyara ƙasa. Lalle wannan magana tana bukatar a auna ta.

Mazauna Ikko ba sa bukatar a gaya musu ƙarfin waƙa. Fela Anikulapo Kuti ya caccaki mulkin soja a faifansa mai suna Zombie, har a watan Fabrairu 1977 sojoji wajen 1,000 suka afka wa gidansa na Kalakuta suka ƙone shi. Suka jefo mahaifiyarsa, Funmilayo, ta taga, ta rasu a 1978. Binciken gwamnati ya ce sojojin da ba a sani ba ne suka yi ɓarnar. Waƙar da ba ta da tasiri ba a aika mata bataliya. Amma da aka zo zaɓen 1979, hukumar zaɓe ta ƙi yi wa jam'iyyar Fela rajista. Masu sauraronsa sun yi yawa, sai dai ba a shirya su a rassa da mazaɓu ba.

A dubi abin da ya faru a Arewa. Tun da aka kafa NEPU a 1950, mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suka riƙa wayar da kan talakawa, ana haddace baitocinsu ana rerawa a kasuwanni. Amma bayan waƙar akwai katin jam'iyya, akwai reshe a unguwa da ƙauye, akwai mutanen da suka sha ɗauri ba su ja da baya ba. Sai bayan shekara 29, a 1979, magadan wannan gwagwarmaya suka ci gwamnatocin Kano da Kaduna, aka soke haraji da jangali. Waƙa ta yi zuga, tsari da haƙuri suka yi aikin.

Zamanin waya ma bai sake wannan ƙa'ida ba. A watan Oktoba 2020 matasa suka yi gangami ta Twitter a kan zaluncin rundunar SARS, ranar 11 ga watan aka ba da sanarwar rushe ta. Ranar 20 ga watan sojoji suka buɗe wuta a Lekki, taron ya watse, babu wata ƙungiya tsayayya da za ta bi sauran bukatun. Daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 kuma gwamnati ta toshe Twitter ɗungurungum. Ashe makunnin na hannun wani.

Akwai kuma haɗarin da ya fi shafar baƙo. Wayar da ke ɗaukar waƙar gaskiya ita ce ke ɗaukar jita-jita da zagin ƙabila. 'Yan kasuwar Shasha a Badun sun ga yadda hatsaniyar mutum biyu ta zama gobara da asarar rayuka a Fabrairu 2021. Mai zama a garin wasu shi ne farkon wanda irin wannan wuta ke ci, don haka wajibi ne ya tantance kafin ya tura.

Kowa ya san gayyar noma. Makaɗi yana kaɗa ganga, jinin samari ya motsa, amma garma ce ke huɗa. Bisa ga haka, ya kamata mai sauraron waƙa ya yanki katin zaɓe a inda yake zaune, ya shiga ƙungiyar 'yan kasuwarsa ko ta direbobi, ya halarci taron Sarkin Hausawa, ya kuma haɗa kai da maƙwabcinsa Bayarabe ko Ibo, tun da tsadar gari ba ta tambayar ƙabila. Mawaƙa su ci gaba da faɗakarwa, Allah Ya kare su. Sauran aiki kuwa yana wuyan masu sauraro.