MU KOYI TURANCI: Kalmomi Masu Kama Da Juna

 

Ƙanwata ce ta jawo zancen yau. 'Yar aji ɗaya ce a sakandare, ta dawo gida ido jawur, wai malamin Turanci ya zabga mata jan biro a insha'i. Na karɓi littafin na duba, ashe a kaina ta yi rubutun! An koya musu big da large ma'anarsu ɗaya, ita kuma don ta burge malam sai ta rubuta "my large sister". Wallahi sai da na yi dariya har da ƙwalla. Big sister dai Yaya ce, amma large sister ai ƙatuwa ke nan mai cika ƙofa. Ni kuwa da kuke ji, tsinke ma ya fi ni kauri.

Irin waɗannan kalmomi su ake kira synonyms. Mu ma muna da su, kamar fara da soma, ko gama da kammala. A Turanci begin da start duk farawa ne, shut da close rufewa, sick da ill rashin lafiya, happy da glad farin ciki. Ku riƙe su da kyau, don a jarrabawar WAEC akwai wurin da za a ce ku zaɓi kalmar da ta fi kusa da wata a ma'ana.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Idan saurayi ya rubuto miki cewa ke slim ce, yabo ne, siririya mai kyan tsari. In kuwa skinny ya ce, to ƙwarangwal yake nufi, ko shi bai sani ba. Shi ya sa na ce wa ƙanwata, duk kalmar da ta haddace ta kwafo ta tare da jimlar da ta gan ta a ciki.

Ga aikinku na wannan wata. Ku nemo wa gift, rich, quick, hard da quiet abokan zamansu daga cikin fast, silent, present, difficult da wealthy. Ban yarda a tambayi Yaya ba! Amsa sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.