Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Tayar da Ƙungiyar Ƙwallon da Ta Faɗi

Kowace shekara idan 'yan aji shida suka gama jarrabawar fita, suka ɗaure akwatunansu, ba azuzuwa da ɗakunan kwana kaɗai suke bari da giɓi ba. Ƙungiyar ƙwallon makaranta ita ta fi kowa jin jiki. Sai a wayi gari mai tsaron gida ya tafi, kyaftin ya tafi, ɗan gaban nan da ake ji da shi ya tafi. Haka abin yake ga ƙungiyoyin unguwanni a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Wannan ya sami gurbin karatu, wancan ya tafi ci-rani kudu, wani kuma ya yi aure kasuwa ta riƙe shi. Ƙungiyar da ta ɗauki kofi bara, bana sai ka ga ana yi mata ruwan ƙwallaye a gaban jama'arta.

Idan haka ta faru, abin da aka saba yi kowa ya san shi. Sai a yi shiru har saura mako guda a fara gasa, sannan a tashi a gigice, a kai kuka wurin wani mai hali, a aika Gusau ko Funtuwa a ɗauko 'yan haya masu suna. A ra'ayinmu wannan hanya ba ta ɓullewa. Lokacin hutu, sa'ad da babu wasa babu 'yan kallo, shi ne lokacin gina ƙungiya. Aikin farko kuwa shi ne auna 'yan wasan da ke hannu, a san takamaiman abin da aka rasa, kafin a je neman kowa a waje.

Mu fara da misalin gida. Jiharmu ta Zamfara, wadda aka ƙirƙiro a 1996, ta taɓa samun wakilci a babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Zamfara United ta yi shekaru tana karɓar manyan ƙungiyoyin Nijeriya a Gusau, kafin ta faɗo ƙaramin rukuni a 2011, aka kuma kwashe shekaru fiye da goma ba ta koma ba. Faɗuwa dai ba ta barin babba. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Duk da wannan tarihi, a 2022 ta faɗa ƙaramin rukuni, ita da maƙwabciyarta Katsina United. A kakar da ta faɗi har maki aka zabge mata saboda rikicin da aka yi a filin wasa. Bayan shekara guda, a 2023, su biyun suka komo sama.

Abin lura a tarihin Pillars shi ne irin mutanen da suka ɗaga ta a zamanin da take tashe. Lokacin da Ahmed Musa ya zo mata daga Jos, yaro ne ɗan shekara 17 wanda jama'a ba su san sunansa ba. A kakar da ta ƙare a 2010 ya ci ƙwallaye 18, ya fi kowa a gasar, daga nan ya wuce Turai. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, a nan ya goge kafin ya shiga ƙungiyar ƙasa har ya je gasar cin kofin duniya a 2018. Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, ya yi shekara da shekaru yana riƙe da tsakiyar fili a ƙungiya ɗaya. Wato abu biyu ne suka haɗu: idon da ya gane yaro tun bai yi suna ba, da ginshiƙin da aka riƙe aka yi gini a kansa.

Wannan ilimi na auna ɗan wasa babu inda aka zurfafa shi kamar a wani wasa na Amurka da ake kira besbol. Ga wanda bai san shi ba, mutum ɗaya ne ke jefo ƙaramar ƙwallo, wani na ɗaya ɓangaren ya doke ta da kulki, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu. Wanda ya kammala zagaye ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Kowace ƙungiya a babbar gasarsu tana yin wasa 162 a shekara, da hunturu kuma a tafi hutu. A lokacin hutun ne ƙungiyoyi ke musayar 'yan wasa, wannan ta ba da mutum ɗaya ta karɓi biyu, waccan ta ba da tsoho ta karɓi yaro.

A ƙarshen 2001 wata ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi, Oakland Athletics, ta rasa manyan 'yan wasanta uku a hutu guda. Babbansu, Jason Giambi, New York Yankees ce ta ɗauke shi kan dala miliyan 120 na shekara bakwai. Albashin dukan 'yan wasan Oakland a 2002 kimanin dala miliyan 40 ne, na Yankees kuwa ya ninka wannan sau uku. Manajan Oakland, Billy Beane, ya san ba shi da kuɗin sayen wani Giambi. Sai shi da mataimakansa suka koma kan littattafan lissafin wasa da tambaya guda: mene ne ainihin abin da ke kawo maki? Amsar da suka samu ita ce yawan isa tashar farko ba tare da an fitar da mutum ba. A dokar wasan, idan mai jifa ya yi jifa huɗu ba kan hanya ba, mai duka yakan taka zuwa tashar farko kyauta. Ɗan wasa mai haƙuri, wanda ba ya kai wa kowace ƙwallo duka, yana yawan samun wannan. Amma da yake abin ba ya burge 'yan kallo, irin waɗannan mutane ba su da tsada a kasuwa.

Ta haka suka ɗauko Scott Hatteberg, wanda ciwon gwiwar hannu ya hana shi jifa mai ƙarfi har aka ɗauka tasa ta ƙare. Ba su biya shi ko dala miliyan ɗaya ba, suka canza masa wurin tsayuwa zuwa inda ba a bukatar yawan jifa. A 2002 Oakland ta ci wasa 103, fiye da shekarar da taurarin suke nan, har ta jera nasara 20 ba a doke ta ba. Hatteberg ɗin nan shi ya buga ƙwallon da ya ba su ta ashirin. Sai dai kada a manta, ƙashin bayan ƙungiyar yaranta ne da ta raina da kanta, irin su Barry Zito da Miguel Tejada. Waɗanda aka kawo daga waje toshe kafa suka zo yi.

Wani zai ce, ina ruwan Bazamfare da lissafin Amurkawa? To, ai mu ma muna da wannan ilimi, filin ƙwallo ne kawai ba mu kai shi ba. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya ga yadda manomi ke sayen san huɗa. Ba ya tsayawa kan ƙaho ko ƙoshi. Zai buɗe baki ya duba haƙora don ya san shekaru, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, ya duba kofato da wuya. Sama da duka, yana tuna san da ya baro a gida, domin idan ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko sauri, kunya ba za ta miƙe ba. Mutumin da ke wannan bincike kafin ya fitar da kuɗinsa, shi ne kuma za ka ga ya yarda a sa baƙo a lamba tara don kawai an ce ya taɓa bugawa a Kaduna. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Saboda haka ga shawarwarinmu ga malaman wasanni, da kyaftin-kyaftin, da masu riƙe da ƙungiyoyin gari.

Na farko, a sayi littafin rubutu da biro. A ba ɗalibai biyu masu son lissafi aikin zama a bakin fili duk ranar wasa. Su rubuta sau nawa kowane ɗan wasa ya ba da ƙwallo ta isa, sau nawa ya zubar, sau nawa ya ƙwace, da kuma ta wane gefe aka ci mu kowace ƙwallo. A rubuta masu zuwa atisaye da masu fashi. A farkon zango da ƙarshensa a sa kowa gudun minti 12 a auna nisan da ya kai. Ido yana tuna yankan da ya sa aka yi ihu, ya manta sau goma da mai yankan ya zubar da ƙwallo. Littafi ba ya mantuwa, kuma bai san ɗan wane ba.

Na biyu, da an rufe kaka a zauna a karanta littafin, a faɗi ciwon da sunansa. “Ba mu da kyau” ba bayani ba ne. Idan rabin ƙwallayen da aka ci mu daga bugun kwana suka zo, dogon ɗan baya mai iya sa kai muke bukata, ko da kuwa jama'a ɗan gaba suke kira a kawo. Idan a minti 20 na ƙarshe ake cin mu, ciwon numfashi ne, maganinsa gudu da asuba, ba sai an kawo kowa ba.

Na uku, a duba gida kafin a duba waje. Sau da yawa ɗan gaban da ke zaman benci ɗan baya ne na ƙwarai da ba a gwada ba. A makaranta, gasar gidaje ita ce kasuwarmu. A sa ido kan 'yan aji uku da aji huɗu, a riƙa ba su minti 15 a wasannin sada zumunta tun manyan suna nan, don kada ranar da nauyi ya hau kansu ta zama ranar da suka fara jin ihun 'yan kallo.

Na huɗu, ƙungiyoyin gari su koyi musaya. Ƙaura ita ce mararraba, daga nan hanya ta yi Shinkafi, wata ta yi Zurmi har Jibiya. Ba wuya a sami ƙungiya a Zurmi mai masu tsaron gida biyu nagari, ɗaya yana ruɓewa a benci, alhali wata a Ƙaura tana da 'yan gefe huɗu ba ta da mai kama ƙwallo. Shugabanni su zauna da damina, lokacin da kowa ke gona babu gasa, su yi musaya ko aro na kaka guda, da yardar yaron da ta iyayensa, a rubuta a takarda a gaban shaidu. Ba a kashe ko kwabo ba, kowa ya ƙaru.

Na biyar, a raba gasar makarantu da 'yan haya da masu rage shekaru. Ƙasarmu ta ɗanɗana kuɗar wannan. A 1989 hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin shekarun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mata baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Daga 2009 aka shiga ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance 'yan ƙasa da shekara 17. Ƙaton da aka sa wa rigar makaranta zai iya kawo kofi yau, amma gurbin da ya tsaya na wani yaro ne ɗan aji huɗu, wanda zai koyi cewa zuwa atisaye ba shi da amfani. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mun san akwai masu cewa lissafi ba ya auna zuciya, kuma ƙwallon ƙafa ba kamar besbol ba ne, inda kowa ke fitowa shi kaɗai a ƙirga abin da ya yi. Suna da gaskiya. Akwai ɗan wasan da ba ya bayyana a littafi, amma idan ba ya fili sai baya ta watse, saboda shi ke yi wa kowa magana. Shi ya sa muke cewa a haɗa littafin da idon tsofaffin 'yan wasa. Inda suka yi daidai a yanke hukunci, inda suka saɓa a sake kallo. Akwai kuma masu cewa wanda ya sayi riguna da takalma kofi yake so bana, ba baɗi ba. A gaya masa gaskiya cikin ladabi. Chicago Cubs ta Amurka ta sha kashi a wasa 101 a 2012 lokacin da take tara yara ta hanyar musaya, sai a 2016 ta ɗauki kofin da ta yi shekara 108 tana nema. Sannu ba ta hana zuwa.

Maganar ta wuce kofi. Yankinmu ya sha wahalar rashin tsaro. A 2021 har makarantu da kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya, ƙungiyoyi da yawa suka watse don babu halin tafiya wasa daga gari zuwa gari. A irin wannan wuri, filin da ke tara samari talatin kowace yamma a ƙarƙashin babba mai faɗa a ji ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da ya ga cewa ana rubuta ƙoƙarinsa, kuma da ƙoƙarin ake ba da riga, zai dawo gobe. Wanda ya yi wata tara yana gudu, ranar gasa aka ba baƙo rigarsa, ba lalle ya sake dawowa ba, kuma ba mu san inda zai nufa ba.

Ga 'yan'uwanmu masu fita bana, muna roƙon kafin ku tafi kowa ya kama hannun ƙanen da zai gaje shi, ya nuna masa abin da ya sani. Ga masu saura, dogon hutu ya zo, kada a bari sai an buga ƙararrawar gasa. Allah ya ba masu tafiya sa'a, ya ba masu zama haƙurin gini, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.