Intanet da Ɗakin Karatun Makarantar Karkara: Abin Ɗauka da Abin Bari

Sanin kowa ne cewa ƙasar da ke arewa da birnin Kano, wato wajejen Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Minjibir, ƙasa ce mai cunkoson jama'a, inda gona ke jingine da gona, ba a barin saura ta huta ko da shekara guda. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun cikin shekarun 1960, ya nuna cewa abin da ya riƙe ƙarfin gonakin shi ne taki, har da wanda ake yo lodinsa a kan jakuna daga birni. Wannan maƙala tana ganin cewa aikin mai kula da ɗakin karatu na makarantar sakandare a wannan yanki ya yi kama da na manomin nan: ya je inda abu yake da yawa, ya zaɓo mai amfani, ya kawo gida ya adana. Wanda ya zauna yana jiran intanet ta zo ta same shi a makaranta, to zai daɗe yana jira, ɗalibai kuwa suna wucewa.

Dalilin da ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa a fili yake. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan ta kwamfuta. Yaron da ya tashi a ƙauye, wanda bai taɓa ɗora yatsa a kan na'urar ba, shi ne zai zauna ɗaki guda da ɗan birni, a ba su lokaci iri ɗaya. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza masa ba, domin Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka kafa a 1977, ta isa shaida a kan abin da 'ya'yan manoma za su iya in an ba su kayan aiki. Abin da ya rasa shi ne sabo da littattafai da na'ura, kuma ɗakin karatu ne wurin da ya fi cancanta ya same su.

To, amma a nan ne ake yawan yin kuskure. Sau da yawa akan miƙa wa mai kula da laburare dogon jerin adireshin shafukan intanet, a ce an taimake shi. Makarantar da wutar lantarki ba ta tsaya mata ba, sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, kuɗin data kuma daga aljihun malami yake fita, irin wannan jeri ba shi da bambanci da hoton tuwo ga mai jin yunwa. Saboda haka ma'aunin farko na kowane shafi shi ne: ana iya sauke abin da ke cikinsa sau ɗaya, a yi ta amfani da shi ba tare da intanet ba?

Akwai waɗanda suka cika wannan sharaɗi. Manhajar Kiwix, wadda ta fito a 2007, tana ba da damar sauke kundin Wikipedia, na Turanci da na Hausa, a zuba shi a kwamfuta ko a ɗan memori. Manhajar Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta fitar a 2017, an tsara ta ne musamman domin makarantun da ba su da intanet: kwamfuta ɗaya ke riƙe da darussa, sauran na'urori su ɗebo daga gare ta a cikin ɗaki. Har ila yau akwai PhET na Jami'ar Colorado ta Amurka, wanda aka fara a 2002, mai nuna gwaje-gwajen kimiyya da lissafi a allon kwamfuta, abin da zai rage wa makarantar da ba ta da ɗakin gwaji raɗaɗi. Littattafan OpenStax na Jami'ar Rice kyauta ne, sai dai an rubuta su ne bisa tsarin karatun Amurka, don haka sun fi dacewa da malami mai shirya darasi. Duk waɗannan, tafiya ɗaya zuwa Kano ko Bichi, inda sabis ke da ƙarfi, ta isa a cika rumbu.

Ma'auni na biyu shi ne dacewa da manhajar karatu ta ƙasa. A nan kayan gida sun fi na waje. Hukumar WAEC tana da shafin da take sanya tambayoyin shekarun baya tare da bayanin manyan masu duba jarrabawa a kan wuraren da ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Wannan taska ce da malamai da yawa ba su san da ita ba, alhali buga shafuka kaɗan daga ciki a ɗinke su a ajiye a kanta zai amfani aji guda shekara da shekaru. Haka nan akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022.

Ma'auni na uku, wanda ya fi shafar wannan sashe, shi ne harshe. Yaro da yawa yakan shigo aji ɗaya na ƙaramar sakandare karatu bai zauna masa ba, da Turanci ko da Hausa. Shafin African Storybook, wanda aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2014, da StoryWeaver na ƙasar Indiya, suna da ƙananan labarai da Hausa waɗanda aka yarda a sauke a buga. Ƙamusun Bargery na 1934 an daɗe da sanya shi a intanet, Jami'ar Boston kuma ta tara hotunan rubuce-rubucen ajami na Hausa. Sai dai duk wanda ya duba da idon basira zai ga cewa abin da ke akwai da Hausa bai taka kara ya karya ba, wani kuma fassara ce ta na'ura mai cike da kurakuran ƙa'idojin rubutu. In mai kula da laburare bai tace ba, zai kai wa yara tsakuwa a cikin gero.

Wani zai ce ai wayar hannu ta riga ta shiga ko'ina, littattafai kuma suna yawo a WhatsApp kyauta. Gaskiya ne, amma da yawa daga cikinsu kwafin sata ne. Littafi irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam yana da masu haƙƙinsa, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 kuma tana nan daram. Ɗakin karatun da ya ginu a kan kayan sata yana koya wa yara raina gumin marubuci, yana kuma kashe madaba'un da za su buga littattafan gobe. Irin waɗannan littattafai hukuma ce ya kamata ta saya, domin takarda ba ta bukatar caji.

Daga ƙarshe, nauyi ya rataya a wuyan ɓangarori uku. Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano, wadda gwamnatinta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ya dace ta naɗa ƙwararren ma'aikaci a kowane ɗakin karatu, ta ba shi kwamfuta da faifan sola da injin buga takarda. Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jiha za ta iya haɗa zaɓaɓɓun kayan nan a ma'adana guda, a riƙa sabunta ta kowane zangon karatu ana rarrabawa. Su kuwa malamai da ɗaliban Hausa na jami'a, nasu aikin shi ne cike gurbin da ba wanda zai cike musu: gyara maƙalun Wikipedia ta Hausa, da rubuta bayanai kan nahawu da adabi daidai da fahimtar ɗan sakandare, da sanya su inda kowa zai ɗauka da izini. Hausawa sun ce don gobe ake wanke tukunya. Ɗalibin da zai shigo wannan sashe nan da shekara biyar yana zaune yanzu a wani aji a Kunci ko Makoɗa, kuma abin da ya tarar a kantar laburarensa shi zai zo da shi.