Na'urar Ta Iya Turanci, Amma Ba Ta San Ƙauyenmu Ba



Kwanakin baya wani matashi daga wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Argungu ya kawo mini takardar neman tallafin rijiyar burtsatse domin in sa hannu. Turancin ya tsaru ƙwarai, har na tambaye shi wane lauya ne ya rubuta. Ya yi dariya ya nuna mini wayarsa. Ashe ChatGPT ne, manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ta fito a ƙarshen 2022.

Ban sa hannu ba. Takardar ta ce matan ƙauyen suna doguwar tafiya cikin rairayi neman ruwa, alhali ƙauyen a bakin fadamar Rima yake. Damuwarsu ambaliya ce, irin ta 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi. Ruwa yakan malala cikin rijiyoyinsu da ƙazanta, yara su kama gudawa. Abin da suke bukata shi ne rijiya mai dakali da aka ɗaga sama. Na'urar ba ta san wannan ba, sai ta cike gurbin da labarin da aka saba rubutawa a kan Afirka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali wani sashe ne da ya ce maƙwabta suna hana Kiristoci ɗiban ruwa. Da na matsa masa, yaron ya amsa cewa shi ya ce wa na'urar ta rubuta abin da zai taɓa zuciyar Turawa. To, mai garin nan Musulmi ne, kuma shi ya ba da filin rijiyar. Wahalar da muke sha a wasu wurare, musamman wajen samun filin majami'a, gaskiya ce, ba ta bukatar gishiri. Ranar da masu tallafi suka zo suka karanta wannan sashe a gaban mai gari, za su koma ƙasarsu, mu ne za mu ci gaba da zama da shi.

Kada a ce Fasto ya hana amfani da na'ura. Shekara da shekaru rashin Turanci yana sa mu biya wani a birni ya rubuta mana, wani ma sai ya yanka kasonsa. Yanzu da Amurka ta rufe USAID a 2025, ina ganin layi ya ƙara tsawo a ƙofar irin su Tearfund, Christian Aid da Misereor. Idan na'ura za ta bayyana mana fom da sauƙin harshe, ta gyara mana Turanci, ta nuna tambayar da muka tsallake, madalla.

Amma kayan miyar daga gare mu za su fito. Zumuntar Mata ta ƙirga gidaje. Mai haƙar burtsatse ya faɗi zurfin ruwa. Ma'aji ya tambayo farashin siminti a kasuwar Birnin Kebbi, ya sake lissafin da kansa, domin na'urar tana kuskure ba tare da ta ji kunya ba. Rajista da hukumar CAC da takardar SCUML kuwa, sakatare ne zai bi su. Nehemiya ma kafin ya roƙi sarkin Farisa sai da ya ji labarin Urushalima daga bakin Hanani wanda ya fito daga Yahuza, sa'an nan ya faɗi abin da yake so dalla-dalla: wasiƙu, katako, da lokacin da zai dawo.

Gargaɗi ɗaya: kada kowa ya rubuta sunayen sababbin tuba ko ƙauyukansu cikin na'urar nan. Abin da ka rubuta ya bar wayarka ke nan.

Yaron ya koma gida da littafin rubutu, ya zauna da dattawan ikilisiya da mai gari. Da ya dawo muka ba na'urar abin da ya tattaro. Takardar ta ragu da shafi biyu, na sa hannu, mun aika. Muna jiran amsa, ku sa su cikin addu'a.