Man Kaɗen Inna Da Zufar Ibadan

A Sabo aka haife ni, nan Ibadan, kuma tun ina yaro nake taya Baba tsare rumfar goro. Daga rumfar nan nake ganin abin da ke damuna: samarinmu, ba mata kaɗai ba, sun rungumi man bilicin. Fuska jajir, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Da yawan mayukan nan akwai sinadarai masu cinye fata, wasu har da makuri mai taɓa ƙoda. NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai, amma ina!

Ni dai ina kan tsarin Inna: sabulun salo da man kaɗe, wanda Yarbawa ke kira ori. Sai dai na yi masa gyara. Inna Bakanuwa ce, ta saba da hunturun da ke tsaga leɓe da dunduniya, shi ya sa take laɓta mana man kamar muna Kurna. Nan kuwa iska a jiƙe take, zufa ba ta bushewa, sai ƙuraje su feso a wuya da baya. Yanzu ɗan kaɗan nake shafawa bayan wanka, jiki da sauran danshi. Fuska kuwa sai lokacin sanyi. Sabulun ma yana da kaifi, a hannu nake yin kumfarsa tukuna.

Masu matsa lemon tsami a fuska su shiga rana, don Allah ku bari. Na gwada ina aji biyar a sakandare, tabon ya yi wata biyu a kumatuna.